Wai Gazali ne ya kashe falsafa? Littattafai huɗu da suka sa na janye bakina

Jama'a barkanmu da warhaka. Na daɗe ina cewa zan rubuta ra'ayina akan wasu littattafai huɗu da na saya na karanta, kullum sai nace gobe, yau dai Allah ya yi. Duka da turanci suke, duka maɗaba'un jami'o'i ne suka buga su tsakanin 2015 da 2021, kuma wanda ya san irin littattafan nan ya san ba irin waɗanda ake karantawa a kwance bane, in ka kwanta da ɗaya a hannu sai dai ka farka ka same shi a fuskarka.

Asalin abin gardama ce ta jawo. Ni dai shekara da shekaru ina cikin masu maimaita maganar nan cewa ai Imam Gazali ne ya kashe falsafa a duniyar musulmi, wai tunda ya rubuta Tahafutul Falasifa wajen 1095 shikenan aka rufe shago, Ibn Rushd ya yi ƙoƙarin mayar da martani daga Andalus ba wanda ya saurare shi, ya rasu 1198 aka binne falsafar tare da shi, turawa suka kwashi littattafansa suka ci gaba mu kuma muka kwanta barci. Na faɗi wannan maganar ya fi a ƙirga kuma da ƙarfin gwiwa nake faɗa kamar ina wurin akayi. Rannan wani abokina da ya fi ni haƙurin karatu ya bari na gama zuba tsaf sannan yace to malam in an kashe ta a 1095, me Fakhruddin Razi yake yi da sharhin Isharat, littafin falsafa na Ibn Sina, kusan shekara 100 bayan nan, kuma me ya sa Nasiruddin Ɗusi ya zo ya sake wani sharhin yana mayar masa da martani? Wallahi shiru nayi. Sai nace masa ai waɗannan ɗaiɗaiku ne, yayi dariya ya rubuto min sunayen littattafai yace in na gama mu sake zama.

Na fara da na Peter Adamson, Philosophy in the Islamic World, wanda Oxford ta buga a 2016. Shine na uku a jerin littattafansa na tarihin falsafa da yake cewa ba zai tsallake kowa ba, kuma asalinsu fodkas ne da ya fara tun 2010, mutumin ɗan Amurka ne yana koyarwa a jami'ar Munich a Jamus. To da yake daga magana aka mayar da shi rubutu, babi babin gajeru ne, wajen 60, kowanne zaka iya gamawa a zama ɗaya. Ya raba shi uku, zamanin farko na su Kindi da Farabi da Ibn Sina, sai Andalus, sai na baya bayan nan har zuwa su Mulla Sadra da Muhammad Abduh da Iƙbal. Abin da ya fara burge ni shine bai ce falsafar musulunci ba, cewa yayi falsafa a duniyar musulunci, dan haka ya shigo da yahudawa irin su Sa'adiya da Musa bin Maimun da kiristoci irin Yahya bin Adi wanda almajirin Farabi ne a Bagadaza, tunda duk da larabci suke rubutu kuma suna karanta juna. A nan na fara sanin cewa littafin da mutanen Kindi suka fassara suna kiransa tauhidin Aristotle ba ma na Aristotle bane, yanki ne daga rubutun wani masanin falsafa daban mai suna Plotinus, haka aka yi ta ɗora gini akansa ɗaruruwan shekaru da sunan wani.

Matsalarsa ɗaya a wurina, barkwanci. Bawan Allahn nan baya iya wuce shafi biyu bai yi wasa da kalma ba, kuma yana da wani raƙumin dawa da ya raɗa wa suna Hiawatha, duk misalin da zai bayar sai ya jawo shi, in ana maganar jinsi da nau'i raƙumin dawa, in ana maganar zati da samuwa raƙumin dawa. Da farko kana murmushi, in ka kai tsakiya ka fara cewa kai malam a bar dabbar nan ta huta mana. Sannan wasan kalmomin na turanci ne zalla, wanda turancinsa na karatu ne kawai rabi zai wuce shi. Amma fa in ana maganar littafin da zaka ba wanda bai san komai ba a fannin, ban ga kamarsa ba, bayaninsa na mutumin da Ibn Sina yace ka ƙaddara an halicce shi yana shawagi a iska baya gani baya ji gaɓɓansa basa taɓa juna, shin zai san akwai shi, na karanta a wurare da dama amma a nan ne ya zauna min. Kuma kashi na uku kaɗai ya isa ya kunyata ni, dan kusan sulusin littafin akan mutanen da suka zo bayan wai an kashe falsafar ne.

Wanda ya kayar da ni ƙasa warwas shine na Frank Griffel, The Formation of Post-Classical Philosophy in Islam, Oxford 2021. Bajamushe ne, yana jami'ar Yale lokacin da ya rubuta, kuma dama tun 2009 ya fitar da wani akan Gazali ɗin kansa. Wannan sama da shafi 600 ne kuma kusan ƙarni ɗaya tak ya riƙe, na 12 miladiyya wato na 6 hijiriyya, a gabashin duniyar musulmi su Khurasan da Iraƙi, daga rasuwar Gazali a 1111 zuwa rasuwar Razi a 1210. Kwafin da mai sayarwa ya turo min ma da alama ruwa ya taɓa kwalin a hanya, gefen shafukan ƙarshe duk sun yi kumburi sun manne, sai da na bi su da wuƙa ɗaya bayan ɗaya, na rubuta masa yace zai duba, har yau yana dubawa.

Abin da mutumin yake cewa a taƙaice, kalma ce ta mutu ba ilimin ba. Bayan Gazali kalmar falsafa ta koma tana nufin wani takamaiman ra'ayi, wato na Ibn Sina da mabiyansa tare da abubuwan da aka kafirta su akai, dan haka masu yin aikin suka daina kiran kansu falasifa suka koma hukama, ilimin kuma suka kira shi hikima. To kai da ka zo daga baya kana bin fihirisar littattafai kana neman kalmar falsafa baka gani ba sai kace ta mutu, alhali tana nan ta canza riga ne kawai. Ni da na karanta wannan sai da na ajiye littafin na ɗan zaga, saboda abu ne mai sauƙi har ya baka haushi ace baka taɓa tunaninsa ba.

Kuma sai da ya sa na koma na duba me Gazalin ma yace. Mas'ala 20 ya kawo a Tahafut, a guda 3 kacal yayi hukuncin kafirci, cewa duniya bata da farko, cewa Allah baya sanin ɗaiɗaikun abubuwa sai dai a dunƙule, da kuma musun tashin jikkuna ranar ƙiyama. Sauran 17 ɗin bidi'a ya kira su ko kuma yace hujjar da suka kawo bata kai inda suke da'awa ba. Bai taɓa lissafi ba, manɗiƙi kuwa, wato ilimin ƙa'idojin kafa hujja da hankali, ba ma ƙyale shi yayi ba, rungumarsa yayi, ya rubuta Mi'iyarul Ilmi akansa, kuma a farkon Mustasfa littafinsa na usulul fiƙhi ya saka gabatarwar manɗiƙi yace wanda bai san wannan ba to babu amana ga iliminsa. Mutumin da ya shigar da manɗiƙin Aristotle cikin usulu shi muke cewa ya kashe hankali, kai jama'a. Ko mas'ala ta 17 da ake yawan jawowa, ta wuta da auduga, inda yace haɗuwar wuta da ƙonewar auduga ba dole bace ta hankali, ganinsu tare muke yi kullum sai muka ɗauka ɗaya ne ya wajabta ɗaya, ai wannan ita kanta falsafa ce tsantsa, irin tambayar da baturen masanin falsafa David Hume ya zo ya yi a ƙarni na 18 ake ta tafa masa.

Griffel ya bi diddigin fatawar nan ta ƙarshen Tahafut ya ga shin an yi aiki da ita, an riƙa kashe mutane saboda falsafa? Manyan misalai biyu ya tattauna a ƙarnin, Ainul Ƙudat Hamadani da aka kashe a 1131 da Suhrawardi da aka kashe a Halab a 1191 zamanin Salahuddin, kuma a duka biyun ya nuna akwai siyasar fada da rikicin masu mulki a ciki dumu dumu, ba wai an kama mutum da littafin Ibn Sina a hammata bane kawai. A gefe guda kuma sarakuna suna ɗaukar nauyin masu wannan ilimin, ana karantar da shi, ana rubuta sabbi. Ya kawo mutanen da ban taɓa jin sunansu ba, Laukari, Sharafuddin Mas'udi wanda ya rubuta shakkokinsa akan Isharat, Ibn Gailan Balkhi, sai kuma Abul Barakat Bagdadi mai Kitabul Mu'utabar, likita bayahude da ya musulunta da tsufansa, wanda salonsa shine ya jero duk ra'ayoyin da ake da su akan mas'ala ya auna su ɗaya ɗaya ya ɗauki wanda ya fi tsayuwa ko da ya saɓa wa Aristotle.

Amma inda littafin ya fi daɗi kuma ya fi ɗaure kai shine kan Razi. Mu dai da tafsiri muka san shi, Mafatihul Gaibi, wanda masu suka suke cewa akwai komai a ciki sai tafsiri, wasu kuma suna masa laƙabi da limamin masu kawo shakka saboda yadda yake ƙarfafa hujjar abokin gardama kafin ya amsa. To Griffel yace mutumin nan layi biyu yake rubutu. Yana da littattafan hikima kamar Mabahisul Mashriƙiyya da Mulakhkhas, yana da na ilimin kalam, wato kare aƙida da hujjar hankali, kamar Nihayatul Uƙul da Muhassal, kuma a wasu manyan mas'aloli inda ya dosa a wannan layin ba nan ya dosa a wancan ba, a na hikima yana tafiya da tsarin da duniya take fitowa daga Allah ba tare da farko ba, a na kalam yana kare cewa Allah da zaɓinsa ya halicce ta bayan babu. Mutum ɗaya fa. Bayanin da Griffel ya bayar shine kowane fanni yana da ƙa'idojinsa da abin da yake farawa da shi, kuma Razi ya ga hujjojin ɓangarorin biyu sun yi kunnen doki ta fuskar hankali zalla, sai ya gina kowanne iya ƙarfinsa. A nan ne ni ban gama sallamawa ba gaskiya. Akwai masana da suke ganin ra'ayinsa ne ya riƙa canzawa da shekaru, kuma ni a ɗan karatuna wannan ya fi kwanta min a wasu wuraren, dan mutum ya rubuta abu yana da shekara 30 ya rubuta wani yana da 55 ba sai an ce layi biyu yake bi ba. Amma ko ka yarda ko baka yarda ba sai ka san an yi aiki, ba zancen baka yake ba, rubuce rubucen hannu ya bi waɗanda wasunsu ko bugawa ba a yi ba.

Ta fuskar karantuwa kuwa sai haƙuri. Kowace shekara sau biyu ake rubuta ta, hijiriyya da miladiyya da karan tsaye a tsakani, 505/1111, 606/1210, shafi ɗaya sai ka ga lambobi kamar takardar banki. Sunayen larabci duk da ɗige ɗige a ƙasa da layi a sama. Kashi na biyu tarihin mutane ne ɗaya bayan ɗaya, wane ya yi karatu wurin wane ya tafi gari kaza, nan ne na kusa ajiyewa, sati biyu ina jan ƙafa. In da zan ba wani shawara sai nace ya karanta gabatarwa da kashi na farko, ya tsallaka zuwa na uku, na biyun ya riƙa komawa in ya ci karo da sunan da bai gane ba. Kuma in baka taɓa jin wajibul wujud da mumkinul wujud ba, wato wanda samuwarsa dole ce da wanda zai iya samuwa ko ya rasa samuwa, kar ka fara da wannan, koma wurin mai raƙumin dawa tukuna.

Wani abu da ya ƙara min haushin kaina, ashe ma shaidar tana cikin littattafan da ba ɓoyayyu ba. Ibn Khaldun da ya rasu 1406 ya faɗa a Muƙaddima cewa malaman baya sun cakuɗa mas'alolin kalam da na falsafa har ba a iya bambance wannan da wancan. Ka ɗauki Mawaƙif na Iji wanda ya rasu 1355, littafin aƙida ne fa, kashi 6 ne amma sai a biyun ƙarshe ake shiga maganar Allah da annabci da lahira, huɗun farko duk akan menene ilimi, menene samuwa, jauhari da aradi wato ainihin abu da siffofin da ke bijiro masa. Shamsiyya ta Katibi da Isaguji na Abhari kuwa, littattafan manɗiƙi ne, ɗaruruwan shekaru ana karantar da su a makarantu daga Istanbul har Indiya. Labarin mutuwar kuma yana da nasa tarihin, Ernest Renan bafaranshe ya fitar da littafinsa akan Ibn Rushd a 1852, mustashriƙan zamanin, wato turawa masu nazarin gabas, abin da ya dame su shine abin da aka fassara zuwa latin ya shiga Turai, to fassarar ta tsaya a wajen su Ibn Rushd, sai suka ɗauka inda idonsu ya tsaya nan duniyar ta ƙare. Mu kuma muka karɓa muka haddace muna faɗa wa juna da sunan wayewa.

Na uku shine na Khaled El-Rouayheb na jami'ar Harvard, Islamic Intellectual History in the Seventeenth Century, Cambridge 2015. Shi kuma ya tafi can ƙarni na 17 ne, lokacin da kowa ya yarda an gama lalacewa ba abin da ya rage sai taƙlidi, wato bin magana ba tare da neman hujja ba, da hashiya akan hashiya, wato sharhi akan sharhi, ya duba daular Usmaniyya ta Turkawa da Magrib, wato arewa maso yammacin Afirka. Ya fi na Griffel gajarta kuma rubutunsa a bushe yake amma a tsabtace, baya zagaye zagaye. Kalmar da littafin yake juyawa akanta ita ce tahƙiƙi, wato kar ka karɓi magana dan wane ya faɗa, bi hujjarta da kanka. Ya kawo labarin malaman Kurdawa da Farisawa da yaƙe yaƙen daular Safawiyya ta Iran suka koro yamma, suka zo da littattafan manɗiƙi da hikima, har aka ce wani Mulla Mahmud Bakurde shi ya buɗe ƙofar tahƙiƙi a Dimashƙa. Ya yi babi akan adabul bahsi, ilimin yadda ake gardama da ƙa'ida, yaushe zaka nemi dalili, yaushe zaka rushe dalilin, yaushe zaka kawo kishiyarsa, wallahi ina karantawa ina tunanin da za a tilasta wa duk mai shiga intanet ya haddace wannan kafin a bashi damar yin sharhi.

Babin da na fi so shine na ladabin muɗala'a. Akwai wani malami Ahmad Munajjimbashi da ya rasu a Makka a 1702, ya zauna ya rubuta risala sukutum akan yadda ɗalibi zai karanta littafi shi kaɗai ba malami a gabansa, ka fara duba lugga da nahawu, ka duba ma'ana, ka duba tsarin hujjar, ka kawo wa marubucin suka da kanka sannan ka nemi amsarta, in baka gane ba ka sake komawa. Mutanen da muke cewa basa tunani ashe har darasin yadda ake tunani akan shafi suke rubutawa. Sai kashi na biyu akan malaman Magrib, tasirin Sanusi mai Ummul Barahin wanda ya rasu 1490 da yadda ya tsananta akan taƙlidi a aƙida, da Hasan Yusi da ya rasu 1691, da yadda suka kai manɗiƙi Masar. A nan na tuna ashe mai Ahalari ɗin nan na tsarki da sallah shine dai ya rubuta Sullam, waƙen manɗiƙi, yana ɗan shekara 21. Kashi na uku akan sufaye ne su Ibrahim Kurani a Madina da Abdulgani Nabulusi, shi kam na bi shi da sauri dan ba nan hankalina yake ba.

To ina cikin murna na samu sabuwar waƙa, ba a taɓa ci baya ba duk sharrin turawa ne, sai na huɗun ya zo ya watsa min ruwa. Ahmed El Shamsy na jami'ar Chicago, Rediscovering the Islamic Classics, Princeton 2020. Wannan shine ya fi duka daɗin karantawa, kamar labari yake tafiya, kwana huɗu na cinye shi. Tambayarsa ita ce littattafan da muke ɗauka yau sune ginshiƙai, tun asali kowa na karanta su? Amsa a'a. Zuwa ƙarni na 19 da yawa daga manyan littattafan farko sun ɓace daga hannun malaman Masar da Sham, ɗakunan karatu na waƙafi sun lalace, an kwashe rubuce rubucen hannu an kai Turai da Istanbul, karatu ya taƙaita akan 'yan matanoni na baya da sharhinsu da hashiyarsu. Tafsirin Ɗabari guda, wanda yau ba ɗakin karatun da babu shi, sai da masana a Turai suka ɗauka ya ɓata, sai a 1903 aka buga shi a Alƙahira. Tarihinsa kuma a Leiden ta ƙasar Holan aka fara buga shi tsakanin 1879 da 1901. Al-Umm na Imam Shafi'i wani lauya ne Ahmad Husaini ya bi ya tattaro shi aka buga a Bulaƙ a farkon ƙarni na 20. Ya kawo su Ɗahir Jaza'iri na ɗakin karatun Zahiriyya a Dimashƙa, da Ahmad Taimur, da Ahmad Zaki Basha wanda a 1912 ya rubuta littafi akan alamomin rubutu irin su waƙafi da aya a larabci, da Ahmad Shakir da ya fitar da Risala ta Shafi'i a 1940. Mutane ne da suka ƙarar da dukiya da lafiya wurin farautar tsofaffin takardu.

Ka ga inda rikicin yake. Zamanin da El-Rouayheb yake nuna maka cike da kaifin hankali, shi El Shamsy yana nuna maka ƙuncinsa, ana ta wasa ƙwaƙwalwa akan lafazin matani ɗaya alhali asalin littattafan suna can asu na ci. Har kalmar ma ɗaya ce, tahƙiƙi, a wurin na farko bin hujja ne da hankali, a wurin na biyu aikin mai tattara kwafe kwafen hannu ne ya gwada su ya fitar da ingantaccen nassi, irin wanda muke gani a bangon littafi an rubuta tahƙiƙin wane. Ni dai a nawa ganin El Shamsy ya ɗan jingina da yawa akan idon mutanen da yake ba da labarinsu, su 'yan gyara ne dole su ga na gabansu a lalace, kuma ilimin manɗiƙi da hikima ba shine abin da ya sa a gaba ba. Amma maganar ɓacewar littattafai ba ra'ayi bace, ya kawo lissafin abin da yake cikin ɗakunan karatu, ba yadda zaka yi da ita. Dole na haɗiye duka biyun, mutane ne masu zurfi a abin da suka riƙe, kuma abin da suka riƙe ɗin bai kai faɗin na magabatansu ba a wasu fannonin.

Nasan wani zai tambaya ko ya halatta a karanta irin waɗannan, musamman na waɗanda ba musulmi ba. Ni ba malami bane, abin da zan iya cewa kawai ba littattafan koyon aƙida bane kuma basu ce su shi bane, tarihin tunani ne, wane yace me, yaushe, yana amsa wa wa. Ba ruwansu da gaya maka wanda yake kan daidai tsakanin Gazali da Ibn Sina, kuma wani lokacin wannan rashin ruwan nasu yana da ɗan sanyi a zuciya in ana maganar abin da kai imani ne a wurinka. Wanda bai zauna da ƙafarsa a tauhidi ba ya fara can. Sannan duk inda suka fassara nassi daga larabci in kana iyawa ka nemo asalin ka gwada, ni na yi haka a wurare kaɗan a Tahafut kuma ban kama kowa da ha'inci ba, sai dai kalma ɗaya ta larabci wani lokacin kowannensu da turancin da yake ba ta, sai ka ɗauka abu biyu ake magana alhali ɗaya ne.

In mutum ɗaya kawai zai iya saya, Adamson in sabon shiga ne, El Shamsy in yana son abin da zai karanta ya ji daɗi ya kuma canza yadda yake kallon kantar littattafansa. Griffel na wanda ya shirya zama da biro ne, El-Rouayheb kuma bayan shi. A nemi masu bango mai laushi in akwai, masu taurin an yi su ne dan ɗakunan karatu, nauyi kawai zaka ɗauka.

Mun sake zama da abokin nawa kamar yadda yace. Na fara masa bayanin layi biyun Razi ina jin kaina, ya saurara har na gama sannan yace to ka karanta Maɗalibul Aliya, littafin Razin, da kansa ko dai abin da bajamushe yace a kansa ka karanta? Nace masa tukuna. Yace to taƙlidin ne dai har yanzu, shehin kawai ka canza. Ya ɗauki Adamson ɗina ya saka a jaka wai ƙaninsa zai duba, wata na uku kenan, ni kuma na sauke juzu'in farko na Maɗalib ɗin a waya ina shafi na 40 da wani abu, Razi yana ta jero hujjoji akan ko hankalin ɗan adam ma zai iya kaiwa ga yaƙini a wannan ilimin, ya kawo na masu cewa ba zai iya ba har na fara tsorata, ban dai kai inda zai amsa ba.